Hoton da ke tsalle: yadda ake zaɓen kwamfutar kallon bidiyo

KARATU

1. Kaka ta zo

Gidan su Auta yana unguwar Wadata, cikin birnin Yamai, kusa da tashar mota. Auta yana aji biyar. Watan jiya aka yi bikin yayarsa. Mai ɗaukar hoto ya ɗauki bikin tun daga sa lalle har kai amarya. Ya zuba bidiyon cikin wani ɗan kile, ya kawo ma Baba.

Kaka ba ta samu zuwa bikin ba. Lokacin tana kwance a Dogon Dutsi, ƙafa ta hana ta tashi. Da ta samu sauƙi sai ta shigo mota ta zo Yamai. Kwana uku kawai za ta yi. Tun a bakin ƙofa ta ce:

— Ni ba abinci ya kawo ni ba. Ku nuna mini jikata cikin kayan amarci.

Bayan sallar isha'i aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Aka fito da talabijin. Auta ya haɗa ta da tsohuwar kwamfutar Baba, ya sa kile, ya kunna.

Amarya ta fito, ta ɗaga ƙafa, sai ta tsaya cak. Kiɗa yana ta tafiya, hoto ya ƙi motsi. Can sai ta yi tsalle, ga ta har bakin mota. Marokiya tana buɗe baki, muryarta ta riga ta wuce. Kwamfuta kuma sai gurnani take yi, iska mai zafi yana fitowa daga bayanta.

Kaka ta ce:

— Wannan ba tafiyar jikata ba ce. Ku kashe, kaina yana juyawa.

2. Baba ya je kasuwa

Da safe Baba ya shiga wani kanti. Mai kanti bai ko ga kwamfutar ba. Ya ɗauko wani babban kwali mai zanen dodo, ya ce:

— Katin hoto ne babu gare ka, Alhaji. Sayi wannan. Fanka uku gare shi.

Kuɗin da ya faɗa sun fi abin da Baba ya ajiye don hatsin gida. Baba ya yi shiru. Ya ce zai dawo.

Auta ya ce:

— Baba, mu fara kai ta wurin Kawu.

Kawu ƙanen Inna ne. Yana gyaran kwamfuta da salula a wata ƴar rumfa kusa da kasuwar Wadata. Ya saurare su har suka gama. Sannan ya yi tambaya ɗaya:

— Yaya, bidiyon sunan Auta da kuke kallo da, shi ma yana tsalle?

Baba ya ce:

— A'a. Shi lafiya lau yake tafiya.

Kawu ya ce:

— To, kwamfutarka ba ta mutu ba. Ku zauna in nuna muku.

3. Mene ne bidiyo?

Kawu ya ɗauki wani tsohon littafi. A kusurwar kowane shafi ya zana ɗan mutum, kowane zane ƙafarsa ta ɗan gusa gaba. Ya saki shafuffukan da sauri da babban yatsa. Sai ga ɗan mutum yana tafiya.

Haka bidiyo yake. Hotuna ne tsayayyu masu yawa, suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. A silima hoto 24 ke wucewa cikin daƙiƙa guda. A talabijin irin tamu 25 ne. Salula tana ɗaukar 30, wani lokaci 60. Ido ba ya iya raba su, sai ya ga motsi.

Kowane hoto kuma ɗigo-ɗigo ne, kamar dutsen ado da aka jera a zare. In ka matsa kusa da gilashin talabijin za ka gan su. Yawan ɗigon shi ne ke sa hoto ya fito tangaran:

- Faifan DVD: ɗigo 720 a kwance, 576 a tsaye.
- Hoton da ake ce ma 720: ɗigo 1280 a kwance, 720 a tsaye.
- Hoton da ake ce ma 1080: ɗigo 1920 a kwance, 1080 a tsaye.
- Hoton da ake ce ma 4K: ɗigo 3840 a kwance, 2160 a tsaye.

Kawu ya ce ma Auta ya buga lissafin 1080. Auta ya ninka 1920 sau 1080, ya samu 2.073.600. Wato ɗigo fiye da miliyan biyu a hoto ɗaya tak. Hoton 4K kuwa ya ninka wannan sau huɗu.

Dole kwamfuta ta shirya waɗannan ɗigo duka, ta ba kowane launinsa, sau 25 cikin daƙiƙa. In ta makara da hoto ɗaya, sai ta yar da shi ta kama na gaba. Wannan yar da hoton shi ne tsallen da Kaka ta gani.

4. Ɗaurin kaya

Auta ya ce:

— Kawu, ta yaya wannan ɗan kile ya ɗauki ɗigo masu yawa haka?

Kawu ya nuna tasha da hannu. Ƴan dako suna ɗora kaya bisa mota. Sun danne katifu, sun naɗe tabarmi, sun ɗaure da igiya. Kayan ɗaki guda sun koma ƙunshi uku.

Bidiyo ma ɗaure shi ake yi. Da za a ajiye hoton 1080 yadda yake, kile mai jiga 8 ba zai ɗauki ko minti ɗaya ba. Saboda haka masana suka samo dabara. Ana ajiye hoto ɗaya cikakke. A hotunan da ke biye, abin da ya sake kaɗai ake rubutawa. Amarya tana zaune, bango bai motsa ba, kujera ba ta motsa ba, hannun marokiya ne kawai ke tashi yana sauka. To hannun ake rubutawa, a ce sauran yana nan yadda yake.

Irin ɗaurin ba ɗaya ba ne. Kowane yana da sunansa da shekarar da ya fito:

- H.264 ya fito a 2003. Kusan kowace na'ura ta san shi.
- H.265 ya fito a 2013. Ana kuma ce masa HEVC. Ya fi matse kaya, amma ya fi wuyar kwancewa.
- VP9 shi ma 2013 ne. YouTube yana aiki da shi.
- AV1 ya fito a 2018.

Duk lokacin da aka kunna bidiyo, kwamfuta kwance ɗaurin take yi, hoto bayan hoto. Wanda ya san ƙulli, ja ɗaya yake yi igiya ta warware. Wanda bai sani ba sai ya sa haƙori, ya yi ta gumi.

5. Maigida da ƴan gayya

Kawu ya kwance murfin kwamfuta. Ya nuna wata fanka a tsakiya. Ƙarƙashinta akwai wani ɗan abu mai kusurwa huɗu, faɗinsa bai wuce kwalin ashana ba.

— Wannan ita ce ƙwaƙwalwa. Duk aikin da kwamfuta ke yi ta wurinta yake bi.

Cikin ƙwaƙwalwa akwai ƴan mitsi-mitsin makunnai da ake kira taranzisto. Ta farko da kamfanin Intel ya fitar kasuwa, a 1971, taranzisto 2.300 gare ta. Na yanzu suna da miliyan dubbai.

Ƙwaƙwalwa kamar maigida take. Ya iya noma, ya iya gini, ya iya lissafin kasuwa. Amma hannunsa biyu ne. In gona ta yi faɗi sai ya kira gayya. Ƴan gayya aiki guda suka sani, amma suna da yawa. Suna jeruwa, kowa ya kama kuyyarsa, kafin azahar an gama. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Sashen hoto na kwamfuta shi ne ƴan gayya. Aikinsa shirya ɗigo da tura su gilashi. Iri biyu ne. Akwai wanda aka gina cikin ƙwaƙwalwa tun daga masana'anta. Akwai kuma wanda ake saye dabam a soka shi cikin kwamfuta, shi ne katin hoto. Kamfanonin da aka fi sani da wannan aiki su ne Intel da AMD da Nvidia.

Cikin sashen hoto akwai wani ɗan lungu wanda ba ya aikin komi sai kwance ɗaurin bidiyo. Ƙullin da aka koya masa a masana'anta kaɗai ya sani. In bidiyo ya zo da ƙullin da ya sani, sai ya kwance shi ba wahala, ƙwaƙwalwa tana hutawa. In ya zo da baƙon ƙulli, sai aikin duka ya faɗo kan maigida shi kaɗai.

Kawu ya kunna bidiyon biki. Ya danna maɓallai uku tare: Ctrl da Shift da Esc. Wani allo ya buɗe yana nuna nauyin da ke kan ƙwaƙwalwa. Ya tashi har 100 bisa 100. Ya kashe, ya kunna tsohon bidiyon suna. Nauyi ya faɗi ƙasa.

— Kun gani? Bidiyon suna H.264 ne. Na biki kuwa 4K ne, da ɗaurin H.265. Ƙwaƙwalwar nan an yi ta a 2012, shekara guda kafin a fito da wannan ɗauri. Ina za ta san shi?

6. Karatun lamba

Baba ya ce:

— Amma da na saye ta an ce mini i5 ce, mai ƙarfi.

Kawu ya ce:

— Gaskiya ne, Yaya. Amma i5 kamar sunan gida ne. Cikin gida ɗaya akwai kaka, akwai jika. Lambar da ke biye ita ke faɗin tsara.

Ya rubuta a takarda:

- i7-2600: tsara ta 2, shekarar 2011.
- i5-3470: tsara ta 3, shekarar 2012. Ita ce ta Baba.
- i3-7100: tsara ta 7, shekarar 2017.
- i3-10100: tsara ta 10, shekarar 2020.

In lambar tana da alƙalami huɗu kamar na sama, na farko shi ne tsara. In tana da biyar, biyu na farko ne.

Ƙwaƙwalen Intel daga tsara ta 2 sun iya kwance H.264. Daga tsara ta 6 sun fara kwance H.265 da kansu. Daga tsara ta 7 sun iya H.265 mai zurfin launi, da VP9. Daga tsara ta 11 sun iya AV1. Saboda haka wajen kallon bidiyon yanzu, i3 ƴar tsara ta 7 ta fi i7 ƴar tsara ta 2, ko da sunan i7 ya fi cika baki.

Akwai kuma harafin ƙarshe. Ƙwaƙwalwar Intel da lambarta ta ƙare da F ba ta da sashen hoto a cikinta, sai an saya mata kati. Wajen AMD kuwa, a tsofaffin Ryzen na kwamfutar tebur, harafin G ake nema a ƙarshe. Shi ke nuna akwai sashen hoto.

7. Wa ke bukatar katin hoto?

Baba ya ba da labarin kwali mai zanen dodo. Kawu ya yi dariya.

Manyan katuna an yi su ne don masu wasannin kwamfuta, da masu haɗa fim, da masu zanen gine-gine. In suna cikin aiki mai nauyi, wasu suna shan wuta fiye da wat 200. Akwatin wutar ƙaramar kwamfuta ba ya iya ciyar da su. Wasu ma ba su shiga cikinta don girma. Suna kuma ƙara zafi. A Yamai, cikin watan Afirilu da Mayu, zafin rana yana wuce digiri 40. Na'urar da ta yi zafi da yawa rage gudu take yi da kanta don kada ta ƙone.

Mai kallon bidiyo a gida ba ya bukatar wannan. In ƙwaƙwalwarsa ta tsara ta 7 ce ko sama, sashen hoton da ke cikinta ya isa. In tsohuwa ce kamar ta Baba, ƙaramin kati ya wadatar. Kawu ya ciro ɗaya daga aljihun tebur, GeForce GT 1030, wanda ya fito a 2017. Wat 30 yake sha, kuma ya san H.265.

Baba ya sa hannu aljihu. Kawu ya riƙe hannun.

— Tsaya, Yaya. Talabijin ɗinka 1080 ce. Ko an ba ta 4K, 1080 za ta nuna. Ɗigo uku cikin huɗu asara ne. Bari in sake ma bidiyon ɗauri. In mayar da shi 1080, da H.264. Na asalin kuma a ajiye shi, kada a goge.

Ya sa kile cikin kwamfutarsa ta aiki, ta fara juya bidiyon. Kafin ta gama ya fitar da ta Baba waje. Ya hura mata iska. Ƙurar hunturun bara da ta bana ta tashi kamar an kaɗa buhun gari. Fanka da ke gurnani ta koma juyawa a hankali. Ya ba su wayar HDMI, ya ce ita tana kai hoto da murya tare, wayar VGA mai shuɗin kai kuwa hoto kaɗai take kaiwa.

Kuɗin waya kawai Baba ya biya.

8. Dare na biyu

Aka sake shimfiɗa tabarma. Maƙwabta ma sun shigo. Auta ya kunna.

Amarya ta fito a hankali, ƙawaye suna riƙe da mayafinta. Taku ɗaya bai ɓace ba. Kaka ta matso har kusa da gilashi. Ta ga lallen hannu, ta ga zanen da ita da kanta ta aiko daga Dogon Dutsi. Ta yi guɗa, ta share ido da bakin zane. Da aka gama ta ce a mayar daga farko.

Sannan ta ba yara labari. Ta ce a 1964 aka fara koyar da yara da talabijin a Yamai, hoton baƙi da fari ne. Tele Sahel kuma sai 1979 ta fara. Ta ce a zamaninsu unguwa guda ke taruwa gaban akwati ɗaya.

Ran lahadi suka raka ta tasha. Cikin kayanta akwai buhun shinkafa da Baba ya saya mata.

MU RIƘE

1. Bidiyo hotuna ne tsayayyu masu wucewa da sauri.
2. Hoto yana tsalle in kwamfuta ta kasa kwance ɗaurinsa cikin lokaci.
3. Kafin a sayi komi, a duba irin bidiyon, a duba irin talabijin.
4. Tsarar ƙwaƙwalwa ta fi sunanta muhimmanci. Don kallo a gida, a nemi tsara ta 7 ko sama.
5. Babban katin hoto ba na mai kallo ba ne. Ƙarami ya isa, sau da yawa ma ba a bukatarsa.
6. In za a sayi kwamfuta ta hannu, a tafi da kile mai bidiyon gida, a gwada gaban mai sayarwa.
7. A kare kwamfuta daga ƙura da zafi. Kada a toshe ramukan da iska ke bi.
8. In bidiyon intanet ne ya tsaya, ɗan zobe yana juyawa a tsakiya, laifin rezo ne. Sayen kati ba ya gyara shi.

KALMOMI: HAUSA DA FARANSANCI

- kwamfuta: ordinateur
- ƙwaƙwalwa: processeur
- katin hoto: carte graphique
- ɗigo: pixel
- gilashin kallo: écran
- tsara: génération
- kile: clé USB
- akwatin wuta: boîtier d'alimentation

TAMBAYOYI

1. Me ya hana Kaka zuwa biki?
2. Wace tambaya Kawu ya fara yi ma Baba? Me amsar ta nuna masa?
3. Hoto nawa ke wucewa cikin daƙiƙa guda a silima?
4. Me ya sa ake ɗaure bidiyo?
5. Cikin misalin Kawu, wane ne maigida, su wane ne ƴan gayya?
6. Me ya sa bidiyon suna bai yi tsalle ba, na biki ya yi?
7. Mai kanti bai ga kwamfutar ba, amma ya faɗi magani. Me kuke gani game da wannan?

LISSAFI

1. Ɗigo nawa ke cikin hoto ɗaya na 720? Nawa ke cikin na 4K?
2. In hoto 25 ke wucewa cikin daƙiƙa, hoto nawa ke wucewa cikin minti ɗaya? Cikin awa ɗaya fa?
3. Ga lambobi huɗu: i5-4570, i3-8100, i5-9400F, i7-3770. Ku jera su daga tsohuwa zuwa sabuwa. Wacce ce ba ta nuna hoto sai da kati? Wacce za ku zaɓa don kallon bidiyo a gida?

AIKI

1. Ku ɗauki tsohon littafin rubutu. A kusurwar shafi 25 ku zana ƙwallo, kowane shafi ta ɗan gusa. Ku saki shafuffukan da yatsa. Sannan ku riƙe shafi biyar-biyar ku sake saki. Ku rubuta bambancin da kuka gani.
2. Ku tambayi wani dattijo ko dattijuwa a gidanku ranar da ya fara ganin talabijin. Ku rubuta abin da ya faɗa cikin layi goma da Hausa. Gobe kowa zai karanta nasa a aji.